Gyaran gida kafin a sayar: kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa?

Baban_Iklima:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Maraɗi, kuma da alama zaman mai tsawo ne, shi ya sa nake son in sayar da gidana na Karkada in sayi wani can. Filin mita 400 ne, ɗaki uku da salo (falo), ginin siminti, rufin kwano. Ba plafo (silin), ba karo (tayil), katangar kuma ta laka ce. Dillali ya kawo mutum biyu, wanda ya fi tayi ya tsaya a sefa miliyan 9. Ina da miliyan 3 da na daɗe ina tarawa. Wani abokina ya ce in zuba su a gidan, in sa karo da plafo, a yi fenti, a canza ƙofar waje, wai cikin sauƙi za a saya miliyan 14 ko 15. Uwar Iklima kuwa ta ce sam, kar in taɓa kuɗin. Mun kwana uku muna ja. Wanda ya taɓa gyara gida ya sayar a nan Damagaram, ya ta kasance?

Sani_Kabukabu:
Wa alaikumus salam. Bi maganar madam ka zauna lafiya 😂

Ɗan_Sabongari:
Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni ina bayan abokinka. Ido ne ke sayen gida kafin aljihu. Mutum ya shigo ya ga ƙasa na ƙyalli, sama fari tas, ko bai yi niyya ba sai ya ƙara.

Alhaji_Dillali:
Malam Baban Iklima, shekara 19 ke nan ina wannan sana'a, daga Tudun Jamus har bayan jami'a ba lungun da ban kai mai saye ba. Bari in gaya maka yadda ake yi in an zo ganin gida. Kafin mai saye ya taka ƙofa ya riga ya gama rabin lissafinsa: wace unguwa, mita nawa, mota na shiga ko ba ta shiga, nisan kwalta, in an yi ruwan sama ina yake bi. Da ya shigo, tambayar farko ruwa. Ta biyu takarda. Karo sai can wajen tashi, shi ma don a sami abin kushewa. Miliyan 9 ɗin da aka taya maka, fiye da rabi kuɗin ƙasa ne. Ka zuba miliyan 3 a ado, in Allah ya taimake ka a ƙara maka 1 da rabi, sauran ka yi wa mai saye sadaka. Abokin naka ya taɓa sayar da ko akurkin kaji?

Ɗan_Sabongari:
Alhaji ku dillalai kun fi son a sayar da wuri ku karɓi la'ada ku wuce, ai mun sani.

Alhaji_Dillali:
Ɗana, in gidan ya tashi 15 la'adata ce ke ƙaruwa. Ina faɗa ne don kar ya zo yana mini kuka bayan wata shida.

Maman_Walid:
Ni abin ya faru a gidanmu, ba labari aka ba ni ba. Maigidana ya gyara gidanmu na Garin Malam a 2021 kafin mu koma sabon wuri. Shi da kansa ya je ya zaɓo karo, wani mai ruwan ƙasa da zanen furanni, har da na bango a salo rabin tsayi. Wata biyu muna kwana cikin ƙura. Wanda ya sayi gidan wani yaro ne da ya samo kuɗi a wajen haƙar zinariya can arewa. Wallahi sati uku bayan ciniki na bi ta wurin zan je barka, sai na tarar da karon nan a tare a ƙofar gida, an farfasa, yara na wasan ƴar carafke da gutsattsarinsa. Ya rushe ɗakunan gaba ɗaya zai yi bene. Na tsaya na kasa tafiya. Da na koma na gaya wa maigida, bai ce komai ba, ya ɗauki buta ya fita. Har yau ba a maganar karo a gidanmu.

Sani_Kabukabu:
Allah sarki, ya ɗauki buta 😭

Hajiya_Mai_Gidaje:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda a ce gyara asara ne kai tsaye ba. Gida huɗu na saya na gyara na sayar, uku na ci riba. Amma ku ji inda ribar take. Ba a gyaran take ba, tun a wurin saye take. Gidan magada nake nema, wanda ƴaƴa suka ƙosa a raba, ko gidan da ya zama kango kowa ke tsoronsa. In saya ƙasa da kuɗinsa, in kwashe shara, in toshe yoyo, in gyara makewayi, in shafa farin fenti, shi ke nan. Ban taɓa sa karo a gidan sayarwa ba sai a makewayi. Gyaran da ke kawar da abin da zai kori mai saye daban, gyaran burgewa daban. Na farko yana dawo da kuɗinsa. Na huɗun da na faɗi a kansa kuwa, zuciya ce ta ɗebe ni, na yi masa plafo mai fitilu kala-kala kamar gidan biki. Ya yi wata 14 ba a saya ba.

Baban_Iklima:
Na gode Hajiya. To a nawa gidan me za ki ce zai kori mai saye? Ɗakin tsakiya yana ɗan yoyo a kusurwa, katangar baya kuma ta ɗan kwanta tun damanar 2024.

Hajiya_Mai_Gidaje:
Ka ga ka amsa wa kanka, ƙanena. "Ɗan yoyo" da "ta ɗan kwanta". Waɗannan biyun ka baro kana maganar fenti.

Usta_Magini:
Assalamu alaikum. Ni magini ne, ubana ma magini ne a Zango. Malam, kar ka kuskura ka sa plafo ƙarƙashin kwanon da ke yoyo. Damana ɗaya zai yi taswira, ya kumbura, ɓeraye su samu masauki. A fara hawa sama a duba: wani lokaci ƙusa ce kawai ta saki, wani lokaci kwanon ya ci tsatsa wajen haɗi, wani lokaci kuma ruwan ba daga kwano yake ba, ta tsagar rawanin bango yake shiga. Aikin kwana biyu ne in ba katakon ne gara ta cinye ba. Katanga kuwa, in ta kwanta ta kwanta, ba a tallabe ta da shafe. A rushe ɓangaren a tayar da shi daga tushe.

Sai abu ɗaya da nake roƙon mutane kullum ba sa ji. Katangar laka ba a yi mata shafen siminti don a ce ta zama ta zamani. Laka tana shan danshi tana fitarwa, siminti ba ya barin ta fitar. Ruwa ya samu ƴar tsaga ya shiga baya, sai ya zauna yana jiƙa ƙasar a ɓoye. Daga waje kana ganin bango sumul, ciki ya zama kunu. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa za ka ji yana amsawa kamar ganga. Ranar da zai tafi, falle guda zai zubo, wani lokaci da bangon gaba ɗaya. Mai saye mai wayo da magininsa yake zuwa, ƙwanƙwasawar nan kuma ita ce farkon abin da muke yi.

Injiniya_Mutari:
Usta ya faɗi gaskiya, haka ake koyarwa ma a makaranta. In ƙara da cewa a dubi gindin bango. Inda ka ga fenti na ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa da wani farin gari kamar kanwa, danshi ne ke hawowa daga tushe. Fenti sabo zai rufe shi wata uku ko huɗu ne kawai. Maganinsa a hana ruwa kwanciya a gindin bango: a yi dakali, a gyara gangaren tsakar gida, indararo ya riƙa zubarwa nesa.

Malam_Habu_Alkali:
Tunda an zo nan, a yi hattara da wani abu. Gyara halal ne, ado ma halal ne. Amma a shafe tsaga da fenti don kar mai saye ya gani, wannan algus ne, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Aibin da ka sani a kayanka wajibi ne ka bayyana. In ka ɓoye ya gano daga baya, yana da haƙƙin mayar maka da kayanka. Ba da kai nake ba Baban Iklima, tunatarwa ce ga kowa har ni.

Baban_Iklima:
Allah ya saka da alheri Malam, an ji.

Rabi_Ƴar_Birni:
Ni dai duk wanda zai kawo mini gida a garin nan, ko da zinariya aka shafe shi, tambayata ɗaya: ƙarfe nawa ruwa ke zuwa? Mu da muke tashi biyun dare muna jiran famfo ya yi tari mu muka san darajar gida. Maza ku yi ta lissafin karo, mu ke wanke shi, kuma da ruwan saye. A watan Afrilu in kurar ƴan ga-ruwa ta yi tsada, karon nan sai ya koma abin haushi, ƙura ta kwanta a kai ka rasa ruwan gogewa. Baban Iklima, in da ni ce, rijiyar siminti ta tara ruwa zan gina a ƙasa, in sa tanki a sama da ɗan inji. Matar mai saye na ganin wannan ciniki ya faɗa.

Maman_Walid:
Wallahi Rabi kamar kin shiga zuciyata. Ki ƙara da madafa mai rufi da inuwa a tsakar gida. Akwai maƙwabcinmu da ya sare dogon yaro mai shekara 20 wai don ya shimfiɗa pabe (bulon daɓe) tsakar gida ta yi kyau. Yanzu da azahar ko kaza ba ta tsayawa a wurin.

Injiniya_Mutari:
Shawarar Rabi mai kyau ce amma a gwada ƙasar tukuna. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ma tun zamanin Turawa ake wahalar ruwa, yana cikin dalilan da ake faɗa na mayar da babban birni Yamai a 1926. Ruwan da muke sha daga wajen gari ake janyo shi, Gogo da Machaya da Arunguza, sannan Ganaram daga baya. Wasu gidajen ka haƙa mita ɗaya ka ci karo da falalen dutse, kuɗin fasa shi kaɗai ya cinye kasafin. In haka ne a yi tankin a bisa ƙasa. Haka ma ramin masai. Gidan da ke da rami mai zurfi gine da kyau a unguwar dutse, wannan abu ne da ake biya, ko da ba ya fitowa a hoto.

Nura_Kano_Line:
Ni a Kano nake zaune, a nan fa gaskiya gyara na ɗaga gida. In ka sa karo da silin na zamani, kuɗin haya ma ninkawa yake. Miliyan 3 ai ba komai ba ne, ko siminti ba zai ishe ka ba.

Sani_Kabukabu:
Nura sefa ake magana ba naira ba, ka farka 😂

Nura_Kano_Line:
Kai! Na sha'afa wallahi. To a sefa kuɗi ne masu kauri, a yi hattara.

Alhaji_Dillali:
Nura, Kano mutane sun yi yawa, mai kuɗin da ke son ya shiga gida da akwatinsa kawai ba ya ƙarewa. Nan masu sayen gidan miliyan 9 daban, masu na 15 daban, kuma na biyun ba su da yawa. Mai 15 ba ya neman ɗaki uku mai rufin kwano a cikin lungu, dal (rufin kankare) yake so, ko ya sayi fili ya gina son ransa. In ka ɗaga gidanka ya fi na maƙwabta da nisa, ka fita daga hannun masu 9, ba ka kuma shiga idon masu 15 ba. Unguwa ce ke yanka wa gida farashi. Ku tuna lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018, da aka yi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a nan. Gidajen da sabuwar kwalta ta bi ta ƙofarsu sun tashi ba tare da masu su sun sayi ko gwangwanin fenti ɗaya ba. Na san wani tsoho da gidansa ko ƙofar kirki babu, aka riƙa yi masa layi.

Ɗan_Sabongari:
To ai ka kawo hujjata da kanka Alhaji. Wanda ke bakin hanya ya fasa katanga ya fitar da shago biyu, ba gyara ba ne? Yayana ya kashe miliyan 1 da rabi, kowane shago hayar jaka 15 (sefa dubu 15) a wata. Jaka 360 ke nan a shekara, shekara huɗu da ƴan watanni kuɗinsa sun dawo, in zai sayar kuma da shagunan za a yi masa kuɗi.

Alhaji_Dillali:
Wannan na yarda, don abu ne mai kawo kuɗi, mai saye zai iya lissafa shi da alƙalami. Amma ka tambayi Baban Iklima ko gidansa a bakin hanya yake.

Baban_Iklima:
A'a, gida na huɗu ne daga hanya. Mota na shiga dai.

Dattijo_Ƙofar_Fada:
Ina ta karanta ku tun ɗazu, jikana ke rubuta mini. Kowa na cewa siminti, karo, kwano. Gidan da nake ciki a Birni kakana ya gina shi da tubali, azarar giginya ce a sama, har yau gara ba ta taɓa ta ba. Da bazara in kun fito kuna fifita da kwali, ni a soro nake barcin rana. Da can kowace shekara kafin ruwa ya sauka ake yaɓe, a jiƙa makuba a shafe, a gyara zanko, a share indararo. Ba a kiran wannan gyara, kamar yankan farce ne. Yanzu yara sun watse, masu iya zanen bango sun ƙare saura ƙalilan, sai a bar gida shekara goma ba a taɓa ba, in ya faɗi a ce laka ba ta da kirki. Wani ɗan ƙanena ya kankare zanen ƙofar gidansu, aikin hannu tun na kakanni, ya shafe da siminti ya yi masa shuɗin fenti. Ya ce wai ya ƙara wa gidan daraja. Ban ce masa komai ba, amma na daina bi ta layin.

Zali_Ƴar_Jami'a:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Abin da ciwo. Ranar 3 ga Satumba 2024 da tsohon masallacin Birni ya rushe bayan ruwan nan, mutane har kuka suka yi, gini tun tsakiyar ƙarni na 19. Kuma Birni da fadar Sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, tsohon garin Agadas ya samu shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. In muka ci gaba da kankare zane muna shafa fenti, me za a zo a gani?

Ɗan_Sabongari:
Zali, da girmamawa ga Baba, amma UNESCO ba ta sayen gida. Ki kai gidan laka kasuwa ki ji, kuɗin fili kawai za a ba ki, wani ma ya ce a rage masa kuɗin kwashe ƙasa. Kuma bayan damanar 2024 da gidaje suka yi ta faɗuwa, wa zai ga laifin wanda ya ce shi ya gama da laka?

Usta_Magini:
Na siminti ma sun faɗi, ɗan uwa, ni na je na gani. Buhu ɗaya mai kilo 50 a buga bulo 60 da shi, ka murza da hannu ya koma rairayi, wannan sunansa siminti ne kawai. Ni ba na wuce 35 a buhu, shi ya sa ake cewa ina da tsada.

Abu_Sadik_227:
Usta ka yi haƙuri, ba kai ba, amma ƴan uwanka sun gasa mini aya a hannu. Wannan ne ma abin da ba wanda ya gaya wa Baban Iklima: miliyan 3 ɗin ba za ta tsaya a 3 ba. Ni na fara gyara da lissafin jaka 800 a 2023. Aka yi juyin mulki a Yuli, aka rufe iyaka, kayan da ke shigowa ta Magarya da Matamai suka yi wuya, komai ya hau. Mai aikin ya karɓi kuɗin kaya ya tafi wani aiki a Mirya, sati biyar waya a kashe. Da ya dawo ya fasa ƙasa zai sa karo, sai ga bututun ruwa ya ruɓe, a canza. An buɗe sama, wayoyin wuta duk sun ƙone, a canza. Na tsaya a miliyan 1 da jaka 900, kuma ina gari ina tsaye a kansu kullum. Kai da za ka kasance a Maraɗi, wa zai tsaya maka? Ta waya za ka ƙirga buhunan siminti?

Usta_Magini:
Ba zan kare wanda ya gudu da kuɗin mutane ba. Amma ku ma masu gida, a yi jinga a kan ɗaki biyu, ana tsakiyar aiki madam ta ce a ƙara taga nan, a matsar da ƙofa can, ranar biya a ce ai jinga aka yi. Siminti dai ya sauko tun da gwamnati ta rage kuɗinsa a ƙarshen 2024, amma karo da fenti da ƙarfe suna nan inda suke.

Admin_Laminu:
Jama'a a dawo kan tambaya. Maganar magina da masu gida a buɗe mata nata zaure, ba za ta ƙare yau ba.

Maitre_Ibro:
Na ga Alhaji Dillali ya ambaci takarda tun farko aka wuce ba wanda ya tsaya. Baban Iklima, wace takarda ke hannunka? Akt na meri (takardar fili ta ofishin magajin gari), ko titir fonsiye (cikakkiyar takardar mallaka ta gwamnati), ko takardar mai unguwa? Kuma sunan wa ke kai?

Baban_Iklima:
Akt ne. Amma gaskiya sunan wanda ya sayar mini ne a kai, tun 2012. Mun yi takardar ciniki da shaidu uku, ban dai je an juya sunan ba. Kullum sai in ce gobe.

Maitre_Ibro:
To ga inda kuɗinka za su fara zuwa. Mutumin yana raye?

Baban_Iklima:
Yana nan, ya tsufa dai. Yana Tanut wajen ɗansa.

Maitre_Ibro:
Malam, ka bar karo, ka hau mota zuwa Tanut cikin satin nan. Allah ya ba shi tsawon rai, amma in ta Allah ta kasance kafin a juya sunan, ba da mutum ɗaya za ka yi magana ba, da magada ne, sai ka tara su duka, wani yana Libiya wani yana Legas, kuma a cikinsu ba a rasa wanda zai ce bai san da ciniki ba. Ina kyautata zaton ma shi ya sa tayin ya tsaya a 9: duk wanda ya ga sunan wani a takarda sai ya rage kuɗin wahalar da zai sha. In ka juya sunan, ka biya abin da ake bin gidan, in da hali ka nemi titir fonsiye. Yana ɗaukar lokaci da kuɗi, amma shi banki ke karɓa jingina, kuma ma'aikacin da zai saya da bashin banki shi zai fara tambaya. Ka ga ka buɗe wa kanka ƙofar wasu masu saye da a da ba za su kalle ka ba. Cinikin kuma a yi shi gaban notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki a hukumance.

Alhaji_Dillali:
Ai ka ji. Da dillalinka ya gaya maka wannan tun ranar farko. Ko da yake wasunmu sun fi son takarda mai matsala, a nan ake samun na goro ta gefe biyu.

Hajiya_Mai_Gidaje:
Shekara 13 da takarda da sunan wani kana barci! Uwar Iklima ta san wannan kuwa?

Baban_Iklima:
Ta sani Hajiya. Yanzu haka tana gefena tana karantawa, ta ce a gaishe ku, musamman Rabi da Maman Walid. Ni kuma ba a gaishe ni ba.

Ɗan_Sabongari:
Duk na ji, amma ni har yanzu ina nan kan bakata a abu ɗaya: kar ka nuna gida da datti. Farin fenti na ruwa, a wanke makewayi, a canza famfon da ke ɗiga, a kwashe tarkacen bayan ɗaki, ƙofar waje a goge tsatsa a shafa mata mai. Jaka 200 ta isa. Yanzu a WhatsApp ake fara ganin gida, hoto mai duhu ko buɗe shi ba a yi.

Hajiya_Mai_Gidaje:
A nan kam mun haɗu. Fari ko ruwan madara, kar ka sa kore ko ruwan hoda.

Injiniya_Mutari:
Ni plafon ne ban gama sallamawa ba. Kwano tsirara a watan Mayu, zafi ya haura 40, mai saye ya shigo da rana tsaka zai ji kamar tanda. In an toshe yoyon, plafo mai sauƙi a salo da ɗaki ɗaya ba asara ba ne.

Alhaji_Dillali:
Sai a kai shi da hantsi, Injiniya.

Malam_Habu_Alkali:
Alhaji, ina nan fa ban tafi ba.

Rabi_Ƴar_Birni:
😂😂 Malam ya kama Alhaji. Ni dai a yi tanki.

Ousseini_Soraz_Road:
Tambaya daga gefe: me ya sa dole sai ka sayar? Tun da aka buɗe matatar mai a 2011, ga jami'a, ga ma'aikatan da ake turowa, masu neman haya ba sa yankewa. Ka yi ƙaramin gyara ka zuba ƴan haya, kai ma ka kama haya a Maraɗi. Aikin gwamnati ne, gobe ana iya dawo da kai, lokacin kuma miliyan 9 ba za ta saya maka irinsa ba.

Abu_Sadik_227:
Haya daga nesa? Wata uku na farko ne ake biya da daɗi.

Baban_Iklima:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na kira ɗan tsohon, ya ce in zo ranar Asabar, baban yana gane mutane sarai. Usta, na turo maka saƙo ta gefe, in ka samu lokaci ka zo ka hau saman nan ka ga katangar. Maganar tanki da plafo da haya ban yanke ba tukuna, sai na dawo daga Tanut na ga abin da takardar za ta ci. Abokin nawa kuma na tura masa duk abin da kuka rubuta, ya ce ku ba ku san kasuwa ba.

Usta_Magini:
Na gani. Alhamis ba zan samu ba, ranar kasuwa ce, sai Juma'a bayan an sauko. Ka tanadi tsani.

Maman_Walid:
Af, wanda ke son karo mai furanni, akwai kwali shida da suka rage mana tun 2021, suna nan bayan ɗaki. Kar dai a zo tambaya lokacin da maigida ke gida.